Ganau ma yana iya kawo abin da ba a yi ba? Muhawara kan riƙo da mantuwa

Baban Yara:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah a amsa da ilimi. Mutum biyu sun halarci zama ɗaya. Da aka daɗe, kowa ya ba da labarin abin da aka faɗa a wurin, sai labaran suka saɓa. Kowannensu a shirye yake ya rantse. Ba a san su da ƙarya ba, kuma babu wanda zai ƙaru da komai idan ya juya maganar. Shin dole ne ɗaya ƙarya yake yi? Ko mutum yana iya tuna abin da bai faru ba, har ya riƙa ganinsa a ransa sarai?

Mai Gardama:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, wannan ba ta kai a tara jama'a ba. Ɗayansu ƙarya yake yi. Mantuwa daban, ƙage daban. Wanda ya manta sai ya ce na manta, shi ke nan. Amma mutum ya bugi ƙirji ya ce shi ganau ne ba jiyau ba, sannan ya kawo abin da ba a yi ba?

Barista:
Yaya Mai Gardama, da haka abin yake da alƙalai sun huta. A 1984, a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, wani ya kutsa ɗakin wata ɗaliba da dare ya yi mata fyaɗe. Duk da tashin hankalin, ta daure ta riƙa ƙare wa fuskarsa kallo don ta gane shi in ta tsira. Ta nuna wani mai suna Ronald Cotton a hoto, ta sake nuna shi cikin jerin mutane, ta nuna shi a gaban alƙali. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Sai a 1995 gwajin DNA ya tabbatar ba shi ba ne, bayan ya shafe fiye da shekara 10 a kurkuku. Abin da ya fi ɗaure kai, an taɓa kawo ainihin mai laifin gabanta a kotu, ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Ƙarya take yi? Me za ta ci da ɗaure wanda bai taɓa ta ba? Kuma ba ita kaɗai ba ce. Cikin waɗanda gwajin DNA ya wanke a Amurka, kusan kashi 70 cikin 100 akwai shaidar ganau da ta nuna su bisa kuskure.

Mai Gardama:
Barista, ka ɗauko dare da tsoro da wuƙa a wuya. Kowa zai rikice. Baban Yara zama ya ce, mutane suna zaune hankali kwance.

Tsohon Malami:
To ɗana, ga masu hankali kwance. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun zaunar da ɗalibai a Jami'ar Washington, suka nuna musu bidiyon haɗarin mota. Babu tsoro, babu duhu. Sai aka tambaye su gudun da motocin suke yi, amma aka canza kalma ɗaya a tambayar. Waɗanda aka ce wa "lokacin da motocin suka ragargaji juna" suka ƙiyasta mil 40 da ɗoriya a awa. Waɗanda aka ce wa "lokacin da suka taɓa juna" suka tsaya wajen mil 32. Bidiyo ɗaya fa suka kalla.

Za ka iya cewa wannan ƙiyasi ne kawai. Saurari na biyun. Aka sake gwajin da wasu ɗaliban, bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashin da ya fashe a bidiyon. Cikin mutum 50 da aka yi wa tambaya da kalma mai zafi, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 da aka tambaya da kalma mai sauƙi, 7 ne. Kalmar mai tambaya ta shiga ta zauna cikin abin da suke ɗauka idonsu ne ya gani.

Tun 1932 Frederic Bartlett na Kambirij ya nuna haka da labari: ka ba mutum labarin wata al'umma da bai sani ba, ka ce ya maimaita bayan kwanaki, sai ka ga labarin yana gajarcewa, abin da bai gane ba yana zubewa ko ya rikiɗe ya koma abin da ya saba ji. Tunawa aikin mai gyaran bango ne. Tubalan da suka rage yake harhaɗawa, inda ya ga gurbi ya cike da sabuwar ƙasa, in ya shafe, shi kansa ba zai nuna maka inda tsohon ya tsaya ba.

Ɗan Kallo:
Allah ya saka da alheri Baba Malam. Masu bina bashi su matso su karanta, ƙila kalmar wani ce ta shiga kansu.

Shugaban Zaure:
Ɗan Kallo, a bar mu mu ƙaru.

Auta:
Baba Malam ina da tambaya, ku yi haƙuri in na kauce. Ni abin da na karanta jiya da dare yau babu shi. Lambar da aka turo mini a waya, kafin in rubuta ta ta gudu. Amma keke da na daina hawa tun ina yarinya, da na hau sai tafiya. Ƙwaƙwalwata ce mai matsala ko me?

Tsohon Malami:
'Yata, ba ki kauce ba, kin ma kawo mu kan gaɓar. Abubuwa uku kika lissafa, kuma ba wuri ɗaya suke zaune ba. Kuskuren da muke yi shi ne mu ce wane yana da riƙo, wane ba shi da shi, kamar abu ɗaya ne.

Akwai riƙon ƙiftawar ido, wanda ido ko kunne ke yi kafin ma hankali ya kai. George Sperling a 1960 ya haska wa mutane haruffa 12 na ɗan mitsitsin lokaci, suka iya faɗar kamar 4. Amma in an nuna musu layin da ake so nan take bayan hasken ya ɗauke, kusan kowane layi suna iya kawo shi. Wato duka sun shiga, kafin baki ya gama faɗa ne suke dushewa. Na kunne ya fi daɗewa kaɗan. Shi ya sa za ki ce wa mutum "me ka ce?", kafin ya maimaita kin riga kin ji.

Lambar wayarki kuma a riƙon ɗan lokaci take, inda hankali ke juya abin da yake aiki da shi yanzu. Wurin ƙarami ne ƙwarai. George Miller a 1956 ya ce abu 7 ne, ƙari ko ragi biyu. Daga baya, a 2001, Nelson Cowan ya ce in an hana mutum maimaitawa da haɗa abubuwa rukuni-rukuni, bai fi 4 ba. Kuma a wani gwaji na 1959, an ba mutane haruffa uku kacal, aka sa su ƙirga baya-baya don kada su maimaita, cikin daƙiƙa 18 kusan duk sun zube. Saboda haka lafiyarki ƙalau. Ki raba lambar uku-uku, za ki ga bambanci.

Maganar keke kuwa, Anti Nas ta fi ni cancantar ta yi ta.

Anti Nas:
Allah ya gafarta Malam, wane ni. Amma zan yi magana, don abin yana ci mini rai.

Kusan duk abin da aka sani a wannan fanni, akwai hannun wani bawan Allah Ba'amurke mai suna Henry Molaison. Farfaɗiya ce ta hana shi sakat tun yana yaro. A 1953, yana da shekara 27, likita William Scoville ya yi masa tiyata, ya cire wani sashe daga kowane gefe na ƙwaƙwalwarsa, har da babban ɓangare na abin da ake kira hifokamfas, sashen da ke taimakawa wajen ajiye sabon abu a ƙwaƙwalwa. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Amma daga ranar ya daina ajiye sabon abu. Za ki gaisa da shi, ku yi hira mai daɗi, ki fita na 'yan mintoci, ki dawo ya karɓe ki a matsayin baƙuwa. Hankalinsa na nan, maganarsa daidai, ya san abubuwa da yawa na ƙuruciyarsa. Zai iya riƙe lamba in dai yana ta maimaita ta a ransa, da an ɗauke masa hankali shi ke nan. Haka ya rayu har ya rasu a 2008.

To ga abin mamakin. Wata mai bincike, Brenda Milner, ta ba shi wani aiki: ya bi layin zanen tauraro da fensir, amma ba ya kallon hannunsa sai ta madubi. Ki gwada ki gani, hannu sai ya riƙa tafiya inda ba ki aike shi ba. Ya yi kwana uku yana gwadawa. Kullum cewa yake bai taɓa ganin aikin ba, amma kullum kurakuransa raguwa suke yi. Hannu ya koya, mai hannun bai san an yi ba. Daga nan aka gane cewa iya aiki irin na hawa keke, ɗinki, buga rubutu, tuƙi, yana da tasa hanyar daban a ƙwaƙwalwa, ba ta hifokamfas yake bi ba.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne dangin marasa lafiya. Tsoho ya kasa tuna wanda ya zo duba shi da safe, amma a miƙa masa abin sana'arsa hannunsa ya kama aiki tsaf. Sai ka ji 'ya'ya suna cewa "ka gani ko, da gangan yake yi, abin da yake so yana tunawa." Wallahi ba da gangan ba ne. Ɗaya ta lalace, ɗaya na nan.

Mai Gardama:
Anti, da girmanki, amma ta yaya aka san shi wannan Henry ba basarwa yake yi ba?

Anti Nas:
Ƙanina, basarwa ta shekara 55? Don ya sami me? An ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa yana raye, bayan rasuwarsa kuma aka yanka ta filla-filla aka duba, an ga abin da aka cire. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Clive Wearing, masanin kiɗa a Ingila, ciwon kumburin ƙwaƙwalwa ya kama shi a 1985, riƙonsa ya koma bai wuce daƙiƙoƙi ba, amma a zaunar da shi gaban fiyano sai ya kaɗa. Tun 1911 ma wani likita a Suwizalan, Édouard Claparède, ya ba da labarin wata majinyaciya da ba ta taɓa gane shi. Wata rana ya ɓoye allura a tafin hannunsa ya gaisa da ita, ta soke ta. Daga baya ya sake miƙa hannu, ta ƙi karɓa. Ba ta san shi ba, ba ta tuna an soke ta ba, amma ta ƙi. Ni dai ba na son abin da ya yi mata, amma darasin ya fito.

Tsohon Malami:
Madalla. Saura rabo ɗaya, kuma shi ne ya fi kusa da tambayar Baban Yara. A 1972 Endel Tulving ya bambanta tuna abin da ya same ka, da wurinsa da lokacinsa, da kuma sanin abu kawai. Ka san Faris ce babban birnin Faransa. Wace rana ka koya, wa ya faɗa maka? Babu. Sanin ya zauna, ranar ta tafi. Haka yawancin abin da ke kanmu yake.

Matsalar tana nan: abu yakan zauna, inda aka samo shi ya ɓace. Mutum ya halarci zama, a hanyar komawa wani ya ce masa "ai ka ji abin da wane yake nufi ke nan." Ko kuma shi da kansa ya raya a ransa abin da ya so ya faɗa bai faɗa ba. Bayan shekara maganar tana nan daram, amma ko a zaman aka faɗe ta, ko a hanya, ko a zuciyarsa, wannan ya goge. Sai ya mayar da ita cikin zaman, da muryar mai magana da komai.

Baban Yara:
Ranka ya daɗe, na gane. To yanzu ta yaya za a san wanda ya fi kusa da gaskiya?

Barista:
A fara neman abin da aka rubuta a lokacin: saƙon waya, takarda, ko wani da aka ba labarin a ranar. Abin da aka faɗa da wuri ya fi wanda aka daɗe ana maimaitawa. In akwai na uku da ya halarta, a tambaye shi shi kaɗai, kuma kada a ce "ai wane ya ce kaza ko?" A ce masa kawai ya faɗi abin da ya tuna. Kada kuma a sa ƙarfin murya a ma'auni. Wanda ya fi yawan ba da labarin shi ya fi jin tabbas, don maimaitawa tana ƙara wa labari santsi ko da ba ta ƙara masa gaskiya ba.

Mai Gardama:
Na yarda da ƙananan abubuwa. Amma babban al'amari ba ya goguwa. Ranar da aka yi maka rasuwa, ko aka yi wani babban tashin hankali, har inda kake tsaye za ka tuna.

Tsohon Malami:
Haka kowa yake ji, ni ma haka nake ji. Ulric Neisser ya gwada. Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse jim kaɗan da tashinsa. Washegari ya sa ɗalibai a Jami'ar Emory suka rubuta inda suke, me suke yi, wa ya faɗa musu. Bayan kamar shekara biyu da rabi aka nemo 44 daga cikinsu aka sake tambaya. Mutum 11 babu abu ɗaya da suka dace da abin da suka rubuta da farko. Amma da aka ce su auna tabbacinsu, mafi yawa sama suka kai shi. Aka nuna musu rubutun hannunsu, wasu suka amsa cewa rubutunsu ne, amma su dai ba haka suke tunawa ba. Tashin hankali yana sa abu ya kafu ya yi haske a rai, wannan gaskiya ne. Ba wanda ya manta cewa kumbon ya fashe. Gefe-gefen ne ke sauyawa, hasken kuma ba ya raguwa, shi ya sa mutum ba ya zargin kansa.

Mai Gardama:
To Baba, in haka ne a rufe kotuna mana. Kowa ya ce ƙwaƙwalwa ce. Maƙaryaci ma ya sami mafaka.

Barista:
A nan kam kana da magana, kuma ba na son a wuce gona da iri. Maƙaryata suna nan, ba su ƙare ba. Kuma riƙon ɗan Adam ba shara ba ne, gundarin abu yawanci yana zama daidai. Masu bincike irin su John Wixted da Gary Wells sun nuna cewa in an tambayi shaida a karon farko, ta hanya mai tsabta, ba wanda ya yi masa ishara, kuma ya nuna mutum da cikakken tabbaci, galibi yana dacewa. Abin da ba a dogara da shi shi ne tabbacin da ya girma daga baya. Ita ɗalibar da na ambata, a karon farko sai da ta daɗe tana duba hotunan kafin ta zaɓa. A kotu kuwa ko ɗigon shakka babu.

Auta:
Ni dai karatuna ba a taɓa shi ba. Jarrabawa na tafe.

Tsohon Malami:
Yi haƙuri 'yata. Hermann Ebbinghaus, Bajamushe, ya wallafa a 1885 gwajin da ya yi a kansa, yana haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana. Ya ga mafi yawan zubewar a farko take faruwa: cikin awa ɗaya fiye da rabi ya tafi, daga nan sai ta riƙa tafiya a hankali. Ya kuma ga cewa bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya. Ƙari a kan haka, a 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun kwatanta masu maimaita karanta shafi da masu karantawa a zama ɗaya su rufe su yi ta ƙoƙarin kawo shi da ka. Bayan mintoci biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai abin ya juye: masu gwada kansu suka riƙe kusan kashi 61, su kuwa kashi 40. Maimaita karatu yana sa shafi ya zama sananne a ido, sai ki ɗauka kin iya. Rufe littafin ki tambayi kanki. Kuma ki yi barci, don a cikinsa ne abin da aka koya da rana yake daɗa kafuwa. Kwanan zaune daren jarrabawa asara ce.

Anti Nas:
Kafin a tashi, don kada wani ya karanta wannan ya ce duk mantuwa ba komai ba ce. Ka shiga ɗaki ka manta abin da ya kawo ka, ko suna ya maƙale maka a harshe, wannan kowa yana yi. Amma mutum ya riƙa maimaita tambaya ɗaya cikin ɗan lokaci, ko ya ɓace a hanyar da ya saba bi shekara da shekaru, ko lissafin da ya saba yi ya gagare shi, a kai shi asibiti. Ba kullum ne cutar Alzheimer ba. Ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, rashin barci, wasu magunguna, duk suna kawo mantuwa kuma ana maganinsu. In kuwa rikicewar farat ɗaya ta zo, ba a jira gobe.

Mai Gardama:
Duk na ji. Amma ni akwai abin da ba mai raba ni da shi. Ina tuna faɗuwar da na yi ina shekara ɗaya da wani abu, har kalar rigar da ke jikina.

Tsohon Malami:
Yawancin manya tuninsu na farko daga shekara uku zuwa huɗu yake farawa, abin da ke ƙasa da biyu kuwa da wuya ƙwarai. Jean Piaget, babban masanin tunanin yara, ya daɗe yana tuna yadda wani ya so sace shi yana ɗan shekara biyu a birnin Faris, mai renonsa ta tare, har yana ganin yaƙushin da aka yi mata a fuska da ɗan sandan da ya zo. Yana da shekara 15 matar ta rubuto wa iyayensa cewa ƙirƙirar labarin ta yi, ta kuma mayar da agogon da aka ba ta tukuici. Labarin da ya yi ta ji a gida ne ya zame masa hoto. Kai naka, sau nawa aka ba da shi a gabanka? Akwai hotonka da wannan rigar?

Mai Gardama:
Akwai hoton, amma ba daga nan na samo ba. Bari in kira Yayata, ita tana wurin.

Barista:
In ka kira ta kada ka ambaci rigar. Ka bari ita ta faɗi kalar.

Ɗan Kallo:
Kuma ka sa mu a layi, don kada ka dawo ka tuna abin da ba ta ce ba.